Me ya sa ruwan rafi ba ya washewa sai an sa alif?

Tambaya: Malam, idan muka ɗebo ruwan rafi da damina, yashi kan kwanta nan da nan, amma ruwan sai ya kwana biyu yana nan jawur. Da an sa ɗan alif sai ya washe. Me ke jawo haka?

Amsa: Abin da ke yawo a ruwan ƙwayoyin laka ne da ba su kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Masana kimiyya na kiran irinsu koloyid. Da za su haɗu su yi nauyi, da sun nutse. Cajin lantarki ne ke hana su. Kowace ƙwayar laka na ɗauke da caji negatif a jikinta, domin a gininta sinadarin aluminiyam mai caji fozitif 3 kan zauna a gurbin sinadarin silikon mai caji fozitif 4, sai negatif ya rinjayi fozitif. Masu caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi. Ana auna ƙarfin turin da abin da ake kira zita, kuma idan ya haura milibolt 30 (milibolt ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki ne), ruwan kan daɗe bai washe ba.

Alif na sakin aluminiyam mai caji fozitif 3, wanda ke kashe cajin lakar, ya kuma zama wani farin abu mai kauri da yauƙi da ke tattaro ƙwayoyin. Gishirin miya ma na rage turin, sai dai sodiyam ɗinsa caji 1 gare shi, don haka sai an zuba ninkin alif sau ɗaruruwa.

Inda ake yawan kuskure shi ne awo. Gidajen ruwa kan sa miligiram 10 zuwa 50 a lita, ka ga jarka mai lita 20 ba ta buƙatar fiye da kimanin giram 1. Narka shi a kofi tukuna, ka zuba, ka juya da ƙarfi minti 1, sannan a hankali minti 15. Za ka ga gudaji kamar auduga suna sauka. Bar shi awa guda, ka tsiyaye na sama.

Idan alif ya yi yawa, cajin ƙwayoyin kan juye ya koma fozitif, su sake ture juna, ruwan ya yi tsami da bauri. Juyi da ƙarfi a ƙarshe ma na farfasa gudajin.

Kada hasken ruwan ya ruɗe ka, alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ruwan ko a sa kulorin kafin a sha.