Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ya ƙi zuwa wurin masu ba da shawara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce maigida ya ƙi bin ki wurin masu ba da shawara kan zaman aure, wai za a ɗauke shi wanda ya kasa riƙe gidansa, kina tambaya ko da gaske haka suke kallon ma'aurata. Shekara tara na yi ina tafinta a ofishin sosiyal, wato ofishin kula da jin daɗin jama'a, nan Garwa ta Kamaru, ina juya Hausa da Fillanci zuwa Faransanci, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Su ba alƙalai ba ne. Mai son a ce wane ne da laifi, fadar Lamiɗo zai nufa, can akwai alƙali. Matar da na fi daɗewa ina aiki da ita, tun kafin a buɗe baki take karantar mutane: wa ya fara shigowa, kujera nawa suka bari a tsakani, wa yake kallon ƙasa.

Wata rana wani mahauci ya zo da matarsa, suna ta ɗaga murya a kan sefa dubu ta cefane, har na kasa bin su da fassara. Da suka fita sai ta yi dariya ta ce min waɗannan da sauƙi, har yanzu kowa na son ɗan'uwansa ya ji shi. Bayansu wani ma'aikaci ya shigo, tsaf-tsaf, ko tari bai yi da ƙarfi ba. Amma duk sanda matarsa ta fara magana sai ya taɓe baki, ya zaro waya yana latsawa. Wannan ne ya tayar wa abokiyar aikina da hankali. Ta ce wani Ba'amurke, John Gottman na Jami'ar Washington, ya shafe shekaru yana nazarin faɗan ma'aurata, ya gano raini ne babbar alamar mutuwar aure, ya fi cacar baki nesa ba kusa ba. Na ce mata ai kakata ma ta san wannan, ko boko ba ta yi ba.

Abin da ke ɓata wa masu ba da shawara rai shi ne makara. Sai an yi yaji biyu, waliyyi ya gaji, liman ya gaji, igiya ɗaya ta rage, sannan a zo. Shi ya sa namijin da ya zo da ƙafarsa, ba takardar kira ce ta kawo shi ba, girmama shi suke yi.

In akwai duka kuwa magana ta canza, ba a haɗa ku ɗaki ɗaya, kowa daban ake jin sa. Ba ki ambata ba, na dai faɗa.

Kar ki ce masa “zan kai ka sosiyal”, ƙara zai ji. In ya cije, ki fara da abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Ki zaɓi kawun da yake jin kunya, shi zai fi iya jawo shi.