Tambaya da Amsa: Rubutu ne kaɗai ya kayar da ni a IELTS

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ina neman rajista da NMC, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya. Wata huɗu da suka wuce na zauna IELTS, jarrabawar Turancin da hukumar ke nema, na samu 7 a sauraro da karatu, 7.5 a magana, amma rubutu 6. Da kuɗin adashi na biya. Yanzu wani a WhatsApp ya ce in ba shi kuɗi ya gyara mini sakamakon. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mutumin nan ki toshe lambarsa yau. Hukumomi suna tantance sakamakon IELTS ta intanet da lambar da ke jikin takardar, ta bogi ba ta wucewa, kuma sunanki ne zai ɓaci.

Ki kwantar da hankalinki, wancan sakamakon bai tashi a banza ba. NMC tana son 7 a sauraro, karatu da magana, amma a rubutu 6.5 ta isa. Tun 2023 kuma ta yarda a haɗa sakamakon zama biyu da aka yi cikin wata 12, muddin babu fannin da ya gaza abin da ake nema da fiye da rabin maki. Ke nan 6 ɗinki ta shiga. In kin sake zama kafin wa'adin ya cika, ki ciwo 6.5 a rubutu, sauran kada su sauka ƙasa da 6.5.

Abin da ke ba ni takaici a rubutun ɗalibaina shi ne hadda. Mutum ya haddace manyan kalmomi da gabatarwar da ya tsinta a YouTube, ya zuba su ko sun dace ko ba su dace ba. An tambaye shi dalilan cunkoson birane da mafitarsu, ya cika shafi da dalilai, mafita layi biyu. Mai duba takarda yana neman amsar tambayar gaba ɗayanta, kowane sakin layi da batu guda da misalinsa. Ki lura da lokaci: awa ɗaya ce ga ayyukan rubutu biyu, aiki na biyu mai kalmomi 250 makinsa ya ninka na farko, don haka ki ba shi minti 40 cur. Kullum ki rubuta guda da agogo a gabanki, ki kai wa wanda zai ja miki jan biro ba sani ba sabo.

Akwai kuma OET, wata jarrabawar Turanci da aka tsara don ma'aikatan lafiya. Rubutunta wasiƙa ce, kamar ta tura majiyyaci wurin wani likita daga bayanan fayil ɗinsa, aikin da kin saba da irinsa, kuma C+ ake nema a rubutun. Sai dai ba a haɗa makin OET da na IELTS, za ki faro daga farko ke nan. Da ni ne ke, da rabin maki kawai ya rage mini, IELTS zan koma kafin watannin nan takwas su ƙare. Allah ya ba da sa'a.