Zaman Guangzhou: me ke cin kuɗin baƙo?

Tambaya: Ina sayar da kayan waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Maigidana zai tura ni birnin Guangzhou na ƙasar China in zauna ina masa sayayya da lodin kaya. Me ya fi cin kuɗi a can, kuma yaya zan tsara kasafina?

Amsa: Malam, Allah ya sa a je a sa'a. Ka fara da roƙon maigidanka ya yanka maka kuɗin zama da yuan, wato kuɗin China. Idan da naira aka yanka, duk ranar da canji ya tashi kai ne za ka kwana a ciki.

Haya ce uwar kashe kuɗi, kuma watan farko ya fi kowanne zafi. Galibin masu gidaje a Guangzhou suna karɓar kuɗin ajiya na wata 2 tare da hayar wata 1, dillali kuma ya kan ɗauki kusan rabin hayar wata. Ke nan kafin ka shimfiɗa tabarma, kuɗin wata 3 da rabi sun fita. Tianhe unguwar manyan ofisoshi ce, ba ta ɗan sayayya ba. Mutanenmu sun fi taruwa a Xiaobei da Sanyuanli, wasu kuma sun koma Foshan mai maƙwabtaka, inda haya ta fi sauƙi kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa ta da birnin. Kafin ka ba da ko sisi, tambayi mai gida ko zai ba ka takardun yin rajista a ofishin 'yan sanda, domin doka ta ce baƙon da ya sauka a gidan haya ya yi rajista cikin awa 24. Ɗaki mai arha da ba a iya rajista da shi, ka bar musu abinsu. Ka kuma tambayi kuɗin wuta, don wasu masu gidajen suna ɗora nasu a kai, ga garin da zafi da gumi, daga Mayu zuwa Satumba na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa.

Idan a otal za ka fara sauka, kauce wa lokacin baje kolin Canton, babban baje kolin kayayyaki da ake yi a birnin, wato Afrilu zuwa farkon Mayu da Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Farashin ɗakuna yakan yi tashin gwauron zabi.

Abinci da sufuri ba su da tsada. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana farawa daga yuan 2. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin ƙasar suna ko'ina, kwano ɗaya ya ƙosar da kai, hankalinka kwance game da naman alade. Tuwo da miya a gidajen abincin 'yan Afirka ne ke ƙwaƙule aljihu. Tukunyar shinkafa mai lantarki za ta rage maka da yawa. Ka buɗe Alipay ko WeChat Pay da wuri, don ko mai sayar da ayaba da waya ake biyansa.

Ware wani abu don asibiti, domin sai ka biya ake duba ka. Biza kuwa ba ta wasa: wanda ya zarce kwanakinsa ana cin tararsa yuan 500 a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi. Bizar kasuwanci tana da iyakar kwanakin zama a kowace shiga, saboda haka kuɗin fita da dawowa ku yi maganarsa da maigida tun a Kano, a rubuta shi daban da kuɗin kaya.