Amsa: bambancin rot da decay a Turanci

Malam, ka tambaya ko rot da decay abu ɗaya ne tunda ƙamus ya ba ka ruɓewa a duka biyun. To kusan haka ne, amma ba ko'ina suke shiga wurin juna ba. Rot ita ce ta bakin kowa, tsohuwar kalmar Turawa ce ta gado, tumatir ko nama ko ƙwai in ya ruɓe har yana ɗoyi sai su ce rotten, kai har mutum mai mugun hali ko gwamnatin da cin hanci ya cinye suna ce mata rotten. Decay kuwa daga Faransanci ta shigo, ta fi kama da maganar boko kuma lalacewa ce a hankali, shi ya sa likitan haƙori zai ce tooth decay, a fiziks ma akwai radioactive decay, wato yadda wasu sinadarai irin su yuraniyom ke rikiɗewa a hankali suna fitar da radiation, nan fa ba wari ba tsutsa, in ka sa rot dariya za a yi maka. Gawa a rahoton asibiti ko na ƴan sanda decompose suke rubutawa. Madara in ta lalace spoil ne, ƴan Ingila su ce gone off. Burodin da ya kwana ya bushe stale ne, sai ya yi fumfuna ya zama mouldy. Ƙarfe dai ba ya rot, rust yake yi, wato tsatsa.