Amsa: Me ya sa ake zagin masu ƙera wasannin kwamfuta na ban tsoro?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi wani wasan ban tsoro, ka yi ta yawo cikin gida ba bindiga ba dodo, kana tambaya ko an damfare ka ne. Ba damfara ba ce, haka aka ƙera shi. Tsoron yana cikin shirun da ƙarar ƙofa.

Ni ma a Gusau na fara buga irinsa, cikin dare an ɗauke wuta, sai hasken kwamfuta. Ƙanena ya ja tsaki ya ce ai wannan yawo ne kawai, can sai ga shi ya matso kusa da ni.

Rigimar dai kuɗi ce. Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta a intanet, na mayar wa mutum kuɗinsa muddin bai kai awa 2 yana wasa ba cikin kwana 14 da saye, su kuwa waɗannan wasannin gajeru ne. A 2021 wanda ya ƙera wani irin wannan wasan mai suna Summer of '58 ya ce zai dakata da aikin, domin mutane na gamawa, su yaba, sannan su karɓe kuɗinsu. Wannan kam ba adalci.

In ka ƙi shi, rubuta dalilinka, amma bar zagin. Sake gwadawa da abin sauraro a kunne, bayan isha'i.