Ga ƙanena da ya yi tambaya a kan shaharar ƙuruciya

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce kana ɗan shekara 15 bidiyoyinka suka bazu, duk inda ka shiga sai an nuna ka, yanzu kana 20 an daina yayinka, kuma idan ka kashe waya ka zauna kai kaɗai sai ka rasa ko kai wane ne. Kana neman yadda za ka koma yadda kake a da. Na ga wasu sun ce ka yi haƙuri, wasu sun ce ka ƙara ƙaimi ka dawo da ƙarfinka. Bari in ba ka nawa, don na bi hanyar nan, sai dai a lokacinmu talabijin ce.

Ina ɗan shekara 11 aka saka ni a wani wasan kwaikwayo, na fito a yaro mai surutu da rashin ji. Shekara huɗu muka yi. Sunan yaron nan ya binne nawa, malamai da shi suke kirana a aji, har mahaifiyata ta taɓa suɓutar baki ta kira ni da shi. Da muryata ta buɗe, tsawo ya zo, sai aikin ya ƙare. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce an gama. Motar da ke zuwa ɗaukata ce kawai ta daina zuwa. Na fi wata guda duk ranar ɗauka sai na yi wanka na shirya na zauna a ƙofar gida.

Kalmar "komawa" da ka yi amfani da ita ita ce ta ci min shekaru. Ina za ka koma? Yaro ɗan 15 bai gama zama kowa ba tukuna. Shekarun da tsaranka suka yi suna gwada wannan su bari, su yi shirme a yi musu dariya a manta, kai ka yi su ne kana riƙe da fuska ɗaya, wadda jama'a suke so. Wani masanin halayyar ɗan Adam, James Marcia, ya yi bayanin wannan tun 1966: akwai matashin da yake rungumar matsayi guda tun bai leƙa sauran ba, saboda an miƙa masa shi a shirye. Yana nan daram har ranar da aka karɓe matsayin, sai a ga ashe babu komai a ƙarƙashi. Ni a wurin dariya na gane haka. Ina shekara 19 wani abokin karatuna ya ce min, cikin wasa, "Kai har yanzu dariyar talabijin kake yi." Da daddare na tsaya gaban madubi ina so in yi tawa dariyar. Wallahi ban san yadda take ba.

Abin da ya cece ni ba wani babban abu ba ne. Na je koyon aikin wayarin, wato haɗa wutar lantarki a gidaje, wurin wani dattijo da bai taɓa kallon wasanmu ba, kuma da aka gaya masa ko a jikinsa. Watannin farko aikina ɗaukar tsani da share guntayen waya. Ranar da ya fara ba ni soket in haɗa, sau uku yana sa ni in kwance. A na ukun raina ya ɓaci, na fara irin maganar da na saba a lallashe ni in na yi ta. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wuta ba ta san ka ba." Na koma na haɗa. Da aka kunna, ƙwan ya kama, ba wanda ya tafa, shi ma cewa ya yi in tattara kaya. Amma na tafi gida da wani irin nauyi mai daɗi a ƙirji, don karon farko ke nan da na yi abin da kyansa ba ya jiran ra'ayin kowa. Saboda haka ka nemi abin da ba ka iya ba ko kaɗan, a wurin wanda ba ya jin kunyar gyara ka, kuma kada ka ɗauki bidiyonsa. Wannan na ƙarshen shi zai fi ba ka wuya, na sani.

'Yan a bi yarima a sha kiɗa kuwa kada ka ɓata hawayenka a kansu, da kansu za su watse. Ka riƙe mutum biyu ko uku da suke iya ce maka a'a.

Ka duba maganar kuɗi tun yanzu: wa ke riƙe da lambobin sirrin shafukanka, wace takarda aka sa wa hannu da sunanka kana ƙarami, kuma har yaushe take aiki. Tsohuwar matsala ce. Jackie Coogan, yaron da ya yi fice a fim tare da ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a 1921, ya tara miliyoyin daloli, amma a 1938 sai da ya kai mahaifiyarsa da mijinta kotu, kuma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Dalilinsa jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1939, wadda a yau take tilasta a ajiye wa yaro kashi 15 cikin ɗari na abin da ya samu. Wurare da yawa babu irin wannan kariya, balle ga yaran intanet.

Idan barci ya ƙaurace maka, ko gabanka yana yawan faɗuwa haka kawai, ko kana jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita, kada ka tsaya sai an ce ka yi haƙuri. Ɗan ƙwallon ƙafa Bojan Krkić ya shiga babbar ƙungiyar Barcelona a 2007 yana ɗan 17, ya ƙi zuwa gasar Turai ta 2008 da Sifaniya ta lashe, sai bayan shekara goma ya bayyana cewa ciwon fargaba ne da jiri suka hana shi. Ni ma na yi wata shida ina ganin mai ba da shawara, kuma na yi da-na-sanin jinkirin da na yi.

Ko za ka sake fitowa a bidiyo? Kada ka yanke yanzu, kowanne yana yiwuwa. Jennifer Capriati ta fara wasan tanis na ƙwararru tana 13, ta ci zinare a Olamfik na 1992 tana 16, ta durƙushe ta bar wasan, sannan ta dawo ta lashe manyan gasanni biyu a 2001. Shirley Temple kuwa, wadda ta shahara a fim tun tana ƙarama, ta bar fim tana 22, kuma a 1974 ta zama jakadiyar Amurka a Ghana. Ni ban koma ba. An kira ni sau biyu, na farko na ƙi saboda tsoro, na biyu na ƙi saboda ina da aiki ranar.

Ka kuma tanadi amsar "Ba kai ne wane ba? Ina ka shiga?", don za ka sha ta har ka tsufa. Da, idan aka yi min ita, sai in kama kame-kame ina ƙirƙiro wani shiri da wai yana tafe. Watan jiya ina kan tsani a wani gida, matar gidan ta ƙura min ido, ta kira ni da sunan yaron nan, ta ce a yi hoto. Na ce ni ne, Hajiya, amma bari in gama ɗaura fankar nan tukuna. Da na sauko muka yi hoton, ta karɓi lambata saboda ƙanwarta ma tana da gini, ta tambayi sunan da za ta rubuta, na faɗa mata nawa.