Me ya sa na ƙi ɗaura wa BMW ɗin nan turbo

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni wai me ya sa na ƙi ɗaura wa waccan BMW E36 ɗin turbo alhali yaron ya zo da kuɗinsa a hannu, ya ce wasan mota yake so ya rinƙa yi, drift ɗin nan da yake gani a TikTok. Lokacin na gaji shi ya sa na ce ka bari, to yanzu buɗe kunnenka.

Motar nan Beljiyam ce, kamfani ya daina ƙera irinta tun wajen 2000, ka ga ai ta girme ka. Injin M50 ne a ciki, silinda 6 a jere, ƙarfin doki kusan 190, kuma da tayar baya take ja. Wallahi wannan ƙarfin ya ishe shi ya watsa bayan mota yadda yake so. Mutanen Japan da suka fito da wasan nan a hanyoyin duwatsunsu, irin su Keiichi Tsuchiya, da Toyota AE86 suka yi suna, 'yar ƙaramar Corolla mai doki kamar 130, ba turbo ba komai, hannu ne da ƙafa kawai.

Kai da kanka ka buɗe bonet ɗin, me ka gani? Wuyan lagireto roba ne, ya tsufa ya yi ja, da yatsa ma za ka iya ɓantare shi. Famfon ruwa irin na da, yawancinsu fankarsa roba ce. Motar daga Jamus mai sanyi ta fito, mu kuma nan Kano watan Afrilu zafi ya wuce digiri 40, sannan ka tuna mai drift a karkace motarsa take tafiya, iska ba ta shiga lagireto ta gaba yadda ya kamata, inji kuma yana ta ihu a giya ta 2 ba sassauci, to a haka za ka ƙara masa turbo mai tura iska mai zafi? Ai kamar ka ɗora wa mai zazzaɓi buhun siminti ne.

Su masu kallon bidiyo motar Toyota Supra suke gani. Injinta 2JZ tun daga kamfani da turbo biyu aka yi shi, matsinsa, wato yadda fistin ke matse iska a silinda, 8.5 ne kawai don ya ɗauki iskar. M50 kuwa matsinsa 10 ne ko sama da haka. In ka cusa masa iska ba ka ƙara nozul ba, ba ka samu wanda ya iya sake saita birenbos, wato kwamfutar mota, ba, ga man da muke sha a gidan mai ba na tsere ba ne, sai ka ji inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa cokali a kofi. In ka ji wannan ƙarar to fistin ne yake cinyewa.

Ni ma na taɓa yi, ba labari aka ba ni ba. Lokacin ina ji da kaina wani ya matsa min na ɗaura masa, sati biyu ba a yi ba aka jawo motar da igiya, gaskit ya ƙone, baƙin mai ya haɗu da ruwa ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya tsaya a bakin garejin yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa ni na kashe masa inji, kuma ban da bakin magana.

Abin da za mu yi wa BMW ɗin yaron nan shi ne mu gyara sanyaya tukuna, sai birki da mansa sabo, sai bushin na ƙasa da shokafzoba, mu leƙa inda bak aksil ya kama jikin mota don E36 tana yawan tsagewa a wajen. Sannan mu zo kan difa, mai raba wa tayoyin baya ƙarfin inji. Wadda take ciki in taya ɗaya ta samu santsi ita kaɗai za ta yi ta juyawa tana hayaƙi ɗayar na zaune, shi ya sa 'yan wasa suke nemo LSD, difar da ba ta barin taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai, marasa kuɗi kuma su yi mata walda tayoyin biyu su rinƙa juyawa tare. Waldar tana aiki amma na gaya masa gaskiya, duk kwanar da zai sha a gari tayar za ta rinƙa kuka tana ci, in an yi ruwa kuma motar ba ta da amana.

Maganar ya sauke ta ƙasa ya sa rim 19 kuwa, wannan ta masu kwalliya ce da ake jera motoci ana ɗaukar hoto, ba ta wasa ba. Ya zaɓi ɗaya. In ya sauke ta sosai tudun rage gudu na farko a unguwarsu zai fasa masa kaskon baƙin mai. Na kuma ce masa in a titi ko cikin ayarin ɗaurin aure zai yi wasan to ya zo ya ɗauki motarsa, sai dai fili rufaffe inda ba yara.

Gobe da safe ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka samo famfon ruwa, ka sa yatsa ka ƙwanƙwasa fankar ka tabbatar ƙarfe ce kafin ka biya, kar su liƙa maka ta roba.